Ranar da Malam Ya Je Neman Tudu

Wani gari Allah kan ba shi ruwa mai daɗi, wani ya ba shi ƙasa mai albarka. Wannan garin kuwa sai ya ba shi Malam Tun-Kafin-Rubutu, kuma Malam da kansa ya sha faɗa cewa garin bai yi asara ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, domin ba ya buɗe baki bai ce "tun kafin rubutu" ba, ko da maganar gyaran famfo ake yi. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya karɓe shi hannu biyu kamar lambar yabo.

A ɗakin karatunsa, sama da teburin da littattafai suka cinye, akwai hoto a cikin firam. Hoton wani tudu ne da ke bayan gari, inda mutanen da suka binne matattunsu suka tara ƙasa a kansu, shekaru dubbai da suka wuce. A hoton, tudun ya cika sama. Ciyawa ta kwanta a kansa kamar furfurar dattijo, gajimare ya zo ya jingina da kafaɗarsa, ga wani dutse mai tsagu a tsakiya tsaye a gindinsa kamar ƙofar birni. Hoton nan ya yi shekara talatin da ɗaya a bangon aji, sannan ya biyo mai shi gida.

"Ranar da na tsaya a ƙololuwarsa," in ji Malam ga kowane sabon aji, "iska ta kusa raba ni da hulata. Garuruwa uku na hango, kowanne kamar ƙwayar hatsi a tafin hannu."

Da shekaru suka ja, garuruwan suka zama biyar.

Abu ɗaya ne bai taɓa shiga darasin ba: Malam bai taɓa zuwa wurin ba. Tafiyar minti arba'in ce a ƙafa daga ƙofar gidansa. Kullum sai Asabar mai zuwa, Asabar ɗin kuma ta zo da ruwan sama, ko da ciwon gwiwa, ko da baƙi. Tun yana jin kunyar rashin zuwan har ya manta bai je ba. Matarsa kaɗai ta sani, domin ita ke ganin takalmansa, kuma ba su taɓa dawowa da taɓon bayan gari ba. Ba ta taɓa cewa komai ba. Irin matan nan ce da shirunsu ya fi tsawa nauyi.

Ana nan sai ga mai kemis ɗin bakin titi, wadda ta taɓa zama monita a ajinsa, ta yi sallama da fara'arta.

"Malam, mu tsofaffin ɗalibanka mun yanke shawara. Ran Asabar za mu yi tattaki zuwa tudun nan, kuma kai za ka ja mu. Wa ya san shi kamarka?"

Malam ya shiga laluben uzuri a ransa. Amma bakinsa, wanda bai taɓa jiran shawarar cikinsa ba, har ya riga ya ce, "Ai dama ina jiran ranar da za ku yi hankali."

Asabar ta waye garau, ko gajimare ɗaya bai kawo masa ɗauki ba. Ya fito da takalmin hawan dutse sabo fil, da sanda mai tsinin ƙarfe, da igiya naɗe a kafaɗa, da madubin hangen nesa yana lilo a ƙirjinsa. Mutum goma sha biyu na jiran sa a ƙofar gida, yawancinsu da silifa. Cikinsu har da ƙanin matarsa, tela, wanda ba ɗalibinsa ba ne, ya dai ce ba za a yi wannan kallo ba da shi ba.

"Yaya, yawo za mu ko yaƙi?"

"Wanda bai san tudu ba shi ke tunkarar sa da silifa," in ji Malam.

Matarsa ta kulle ƙofa, ta ɗauki gorar ruwa, ta bi bayansu.

Gari ya ƙare a bayan gidan mai, sai hanya ta sirance ta shige tsakanin gonaki. Raɓa ba ta gama bushewa ba. Tsuntsaye na ta gardama a kan shinge, iska na shafa kan amfanin gona kamar uwa na lallashin ɗa. Malam bai ga ko ɗaya ba, idonsa na can gaba yana neman abin da zai tokare sama. Da ya ga babu, sai ya koma neman abin da zai ja lokaci. Ya duƙa ya tsinci wani guntun kasko, ya ɗaga shi sama.

"Ku dubi wannan. Hannun da ya gina shi ya zama ƙasa tun kafin rubutu. Aƙalla shekara dubu uku."

Tela ya karɓa, ya juya bayansa, ya goge da babban yatsa.

"Ikon Allah. Yaya, ashe mutanen da ma suna buga tambarin kamfani."

"Gwada ku na yi," in ji Malam. "Kuma abin kunya ne a ce tela ne ya ci."

A mararraba hanya ta rabu biyu, zuciyarsa ma haka. Ya dogara da sanda, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, irin kallon ranar jarrabawa.

"To, bari in ga wanda ya riƙe karatu. Hagu ko dama?"

Mai kemis ta saci kallon wayarta, ta ce dama.

"Madalla. Ban yi wahalar banza ba."

Suka bi dama, suka tsallake wata ƙorama da ba ta kai idon sawu ba, suka wuce wani ɗan gida mai garken awaki. Nan hanya ta mutu a wani fili mai ciyawa. Gabas fili, yamma fili, sama kuwa wayam, babu abin da ya jingina da ita. Gumi ya keto wa Malam ta ƙarƙashin hula. Mutum goma sha ɗaya, waɗanda ya yi wa jan biro a takarda shekara da shekaru, suna tsaye a bayansa. Idan ya ɓatar da su yau, garuruwa biyar za su rushe a lokaci ɗaya.

Sai ya hangi wani ɗan tozon ƙasa a gefen filin, tsayinsa bai wuce ƙugunsa ba. Ya ce a ransa, daga can sama ko ƙololuwar ce zan hango. Ya kafa sanda, ya yi taku uku, ya haye. Ya ɗora madubi a ido, ya shiga juyawa a hankali kamar mai gadin teku.

"Mai ilmi ba ya faɗa wa tudu kai tsaye," ya ce da muryar aji. "Sai ya fara tsayawa nesa, a kan wani ɗan tarin ƙasa marar amfani irin wannan, ya gaishe shi da ido. Ku yi haƙuri kaɗan. Yanzu za ku ga abin da zai sa ku san ku ƙanana ne."

Ba wanda ya tanka. Malam ya ji daɗin shirun, ya ɗauka girmamawa ce. Bai ga mai kemis ta ture ciyawa daga fuskar wani ɗan allon ƙarfe ta karanta ba. Bai ga ta taɓa na kusa da ita ba, shi ma ya taɓa na kusa da shi. Bai ga tela ya cusa bakin rigarsa a baki, kafaɗunsa na rawa ba.

"Bawan Allah!"

Wata tsohuwa ce ta fito daga gidan awakin, bokiti a hannu.

"Bawan Allah, sauko daga kan mutane."

Malam ya sauke madubi. Ya dubi tsohuwar, ya dubi allon, sannan ya dubi ƙasa. Dab da takalminsa na hagu ga wani dutse mai tsagu a tsakiya, girmansa bai fi turmi ba. Ya san tsagun nan fiye da yadda ya san layin tafin hannunsa. A nan ya gane cewa wanda ya ɗauki hoton nan, ko wane ne shi, rub da ciki ya kwanta a ciyawa ya ɗauka.

Wani mutum da sai ya yi shiru. Amma ba a zama Tun-Kafin-Rubutu da shiru. Ya gyara hula, ya girgiza kai cikin baƙin ciki.

"Zaizayar ƙasa! Kun ga abin da nake faɗa muku? Lokacin da na zo na ƙarshe, wannan tudu ya ninka haka sau ashirin. Ruwa da iska da sakacin hukuma sun cinye shi."

Matarsa ta matso, ta miƙa masa hannu. Ya kama, domin gwiwa ba ta san girma ba, kuma saukowa ta fi hawa wuya.

Tsohuwar ta ajiye bokiti, ta bi sawun sabon takalmin da kallo, rami uku a jikin ciyawa.

"Ɗana, a gidan can aka haife ni, yau shekarata tamanin. Tudun nan bai taɓa fin haka ba, kuma bai taɓa raguwa ba sai yau." Ta duƙa tana mayar da ƙasa a ramukan da tafin hannu. "Awakina ma na hana su hawa. Su sau ɗaya na faɗa musu."