Taimakon da Na Yi wa Baba Sale

Ranar da na sayo 'yar ƙaramar tarakta, na kafce gonata a Ruwan Godiya, amma zumuɗi bai sake ni ba. Sai na hango gonar Baba Sale, ƙanin mahaifina, fayau ba tsiro. Na ce yau tsoho zai ga gata, na shiga na birkice ta tas.

Ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, binne na yi. Gerona na ƙasa yana jiran ruwa."

To, wa ya gaya mini? Man nawa, gumin nawa, amma ko sannu ban samu ba.

Har yau in na tayar da injin, sai 'yan majalisarmu ta hira su ce, "Kowa ya je ya tsare gonarsa, za a yi taimako."