Man Keke a Cikin Injin Kwafi

"Gajiya kuma? Ai ban gaji ba sai da na hango ki," in ji Kaka, ko ɗagowa bai yi ba daga kujerarsa.

"To sannu da aiki, angon da ba haƙori," in ji jikarsa, ta dire jakar kayan aikinta a kan tebur.

Sana'arta ke nan duba firintoci da injinan kwafi a ofisoshi, shi ya sa yake kiranta Injiniya in yana neman wani abu a wurinta. Shi kuwa tela ne tun tasowarsa. Da ido ya daina ganin kafar allura, sai ɗansa, wato babanta, ya saya masa injin kwafi ya sa masa a shagon. To ga shi tun makon jiya injin ya ƙi jan takarda, sai ya yi ta ƙugi, takarda tana kwance abinta. Ɗan nasa kuma ya faɗa ba da wasa ba: in injin ya mutu, a rufe shago, tsoho ya zauna a gida ya huta. Kaka ba abin da yake tsoro kamar wannan hutun. Shagon ne ke sa shi ɗora hula da safe, nan abokan hira ke samunsa.

Ta tambaye shi rabonsa da goge gilashin da kakkaɓe ƙura. Ya ce kullum ta Allah, har ya rantse injin nan ya fi ta samun gata, don ita da tana jaririya majina ce har haɓa, ba mai kula ta.

"Majinar gado ce, wajenka na ɗauko," in ji ta.

"Ni da ƙuruciyata 'yan mata layi suke yi a ƙofar shagon nan."

"Karɓar ɗinkin da ka ɓata musu."

Ta zare tiren takarda, ta buɗe murfin gefe, ta zura hannu ta shafa rolar da ke jan takarda. Yatsunta suka fito suna sheƙi. Ta kai hanci ta sansana. Kaka ya juya yana gyara zaman takardun da ba su karkace ba.

"Tsoho, me ka ba shi ya sha?"

"Ni? Ko ruwa ban taɓa yi masa tayi ba."

"Wannan warin na san shi. A gindin kekenka na yi rarrafe."

Da ya ga ba wurin ɓuya, sai ya koma kare kansa. Ya ce injin ne ya dame shi da ƙiƙi-ƙiƙi, kuma duk abin da ke juyawa a duniya mai yake so. Keken ɗinkinsa ya girmi ubanta, har yau yana aiki, ba da komai ba sai man keke. Ɗigo kaɗan ya sa, don tausayi.

"Ɗigo kaɗan? Ai wanka ka yi masa. Rolar nan roba ce, da kaushinta take kama takarda. Shafa wa tafin ƙafarka mai ka hau siminti mu gani."

"Ki fara hawa, ke da ƙashinki bai tsufa ba."

Bakinsa kawai ke zolaya, idonsa na kan hannunta. Ta jiƙa tsumma da sifirit ta bi rololin ɗaya bayan ɗaya, ta canza guda da ta kumbura, ta share garin tawadar da ya cakuɗe da mai, ta goge gilashi. Sannan ta kamo hannunsa ta kifa a kan gilashin ta danna maɓalli. Injin ya ja takarda sumul, sai ga tafin Kaka ya fito baƙi ƙirin.

"Ga hannun mai laifi, na samu shaida."

Ba ta rufe baki ba wayarta ta yi ƙara. Babanta ne. Kaka ya zauna a hankali, ya cire hularsa ya riƙe a cinya.

"Injin lafiyarsa ƙalau, Baba," in ji ta. "Kulawa ce ta yi masa yawa. A bar shagon, ni zan riƙa zuwa duba shi duk wata."

Ta kashe wayar. Kaka ya mayar da hularsa, ya daɗe yana gyara ta. Can ya laluba aljihu ya fito da ɗan gwangwanin man keke mai dogon baki, wanda ya goge don tsufa, ya miƙa mata.

"Ungo, Injiniya. Toshinki ke nan, kada ki ce ban taɓa ba ki komai ba."

Ta karɓa ta jefa a jaka, amma ba ta janye hannu ba.

"Saura na ƙarƙashin tebur."

Kaka ya yi dariya har da tari, ya sunkuya ya ɗauko na biyun.

"Kin ci, ja'ira. Matsa mini daga ƙofa, ga mai kwafi can yana tahowa."