Yaƙin Malam Ashiru da Bashin Azumi Guda

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan babi, domin a adana wa 'yan baya labarin Malam Ashiru ɗan Ɗayyabu ɗan Tanko Mai Guga, tsatson mazajen da suka haƙa rijiya a Unguwar Majema ba su tarar da ruwa ba, suka kuma ƙi cikewa. Mataimakin magatakarda a sashen haraji, ma'abocin hatimi da jan biro, dodon masu rumfuna, wanda in ya ratsa kasuwa da jaka a hammata sai masu tumatir su tuna suna da uzuri a wani wuri. Shi ne gwarzon da ya shekara ashirin yana bin mutane bashi, har ranar da aka wayi gari shi ake bi.

Maruwaita sun haɗu a kan cewa a azumin bara aka tura shi taron bita Minna, ya sha azumi guda a hanya bisa sassaucin da shari'a ta yi wa matafiyi, sassaucin da ya karɓa hannu biyu-biyu. Daga nan ya shiga dabarun yaƙi. Bayan ƙaramar Salla ya ce jiki bai huce ba. Da Layya ya ce ba a yi wa nama rashin kunya. Da damina ya ce akwai aikin gona, alhali gonarsa ba ta wuce kunya uku ta kuɓewa a bayan ɗaki ba. Da sanyi ya zo, yini ya gajarta, ya gano cewa sanyi yana sa yunwa. Haka watanni suka yi ta wucewa kamar rundunonin da ba a ba su umarni ba, har Sha'aban ya kai gargara.

A nan ne uwargidansa Laure, wadda ta gama tata ramuwar tun lallen Salla bai goge a ƙafarta ba, ta isar da saƙon ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Malam, in wata ya tsaya ba ka rama ba, ramuwar tana nan, ga kuma ciyarwa a kai. Ni zan auna mudun da kaina, in kai wa Yaya Hansai ta nemo mana miskini."

Yaya Hansai yayarsa ce, kuma abin da ya shiga kunnenta da hantsi kafin azahar an san shi har a tashar mota. Ashiru ya hango kansa a bakin masu tumatir. Ya miƙe tsaye, ya gyara zariyar wando, ya ɗaura niyya.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, kafin ladan ya yi gyaran murya, sadaukin ya yi sahur irin na wanda ba ya sa ran dawowa: ɗumamen tuwo malmala uku, koko kwano guda, ruwa kuwa har randa ta yi ƙara. Sannan ya hau babur ɗinsa, ingarman ƙarfe mai tari, ya fuskanci sakatariya.

Ya kamata mai karatu ya san girman wannan fage. A watan azumi gari gaba ɗaya ke jin yunwa, kowa na jingina da kowa. Amma ranar nan Ashiru shi kaɗai ne a sahu, duniya kuwa ta fito da makamanta. Mai ƙosai ta kafa sansani a bakin kwalbati. Mai shayi ya ja daga a ƙofar ofis yana ɗaga kofi sama, shayin na zuba kamar igiya. Rana ta bazara ta hau, fankar ofis ta ci amana ta tsaya. Duk da haka bai ja da baya ba, illa dai ya buga hatimi a kan takarda ɗaya sau biyu.

Babbar arangama ta zo bayan azahar. Malam Barau na sashen albashi, abokin wasansa kuma tsohon abokin gabarsa a kan kujera mai hannu, an yi masa ƙarin girma, ya shigo da tire biyu na waina da tsire, ƙuli-ƙuli na zuba, albasa na sheƙi. Ma'aikata suka yi caa. Ashiru ya kafa ido a kan kalanda.

"Bismilla, Sarkin Haraji."

"Alhamdu lillahi. Azumi nake."

"Yau? Na mene ne?"

To, a al'adar wannan ofis, namiji ba ya faɗin ramuwa da bakinsa. Ana ganin wannan harkar mata ce. Saboda haka gwarzon ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya irin ta bayin Allah, ya ce, "Ɗan nafila ne."

Nan take daraja ta sauko masa. Masinja ya cire hula. Mai buga takardu ta roƙi a sa ɗanta a addu'a, zai rubuta jarrabawa. Ashiru ya karɓi wannan duka da tawali'u, har ya fara jin kamar gaskiya ne. Amma Barau, hatsabibi, ya jawo kujera, ya ajiye tsinken tsire daidai inda iska za ta kai ƙamshin.

"Ashe da sauƙi. Ai na ji wani malami a rediyo ya ce mai nafila in ɗan'uwansa ya gayyace shi walima, yana iya karyawa. Ko baƙin ciki kake da ƙarin girman nawa?"

Jama'a suka goyi baya. Aka yi wa Ashiru ƙawanya: a dama tsire, a hagu zargin hassada, a baya Yaya Hansai da mudu. Tsinken ya matso har ƙuli ya taɓa gemunsa. A wannan sa'a, da tarihi ya riƙe numfashi, jikan Mai Guga ya daki tebur, ya yi kururuwar da ta tashi tattabarun rufin sakatariya:

"Ramuwa ce! Ramuwa nake yi, ku rabu da ni!"

Masinja ya mai da hularsa. Mai buga takardu ta ce ba komai, za ta kai wa limamin unguwarsu. Barau kuwa ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Allah ya ba da lada, Hajiya Ashiru." Sunan ya zauna daram, kuma an ce har yau bai tashi ba.

Da raunukan nan sadaukin ya koma gida, leɓe a bushe, ya kwanta a tabarma yana kallon rana kamar mai jiran abokin gaba ya sauka daga ganuwa. Da aka kira magariba ya kai dabino baki, ya bi da kunun tsamiya, bashi ya faɗi warwas. Ya share gemu, ya yi shelar nasara ga jama'arsa, wato Laure da akuya guda.

"A rubuta, na biya! Ba mudu, ba Yaya Hansai! Gobe kuwa, tunda Sha'aban zai cika talatin, hutu ne. Da hantsi a yi mini waina da miyar taushe, a ƙofar gida zan ci, kowa ya gani."

Laure ta ƙara wa rediyo murya. Mai karanta labarai, cikin natsuwar wanda ya ci ya ƙoshi, ya sanar da cewa an ga wata a garuruwa da dama, gobe ɗaya ga Ramadan.

Ta kwashe kwanukan, ta tsaya a bakin madafi.

"Malam, sahur ɗin, ɗumame za a yi ko shinkafa?"