Ranar Da Na Je Sasanta Kamfanonin Waya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na naɗa rawanina na fita aikin lada, na dawo gida ina neman inda zan ɓoye fuskata.

A unguwarmu ta Ƙofar Dundaye an san ni da sulhu. Rigimar katanga, ta mai gida da ɗan haya, duk ni ake kira (ban ce na fi kowa hikima ba, na dai fi kowa lokaci). To, da safiyar ranar ina shan kunu sai na ji a rediyo wai wasu kamfanonin waya biyu sun shiga kotu. Ɗaya ya ƙirƙiro dabarar da waya ke kama sabis da ita, ɗayan yana amfani da dabarar, amma ya ƙi biyan kason da aka yanka masa a kan kowace waya. Na jawo takarda na rubuta sunayen da ajami don kada su kuɓuce mini.

Ai na san sunayen nan! Ɗaya yana rubuce ɓaro-ɓaro a saman shagon wayoyin Sahabi, ɗayan a saman na Alhaji Bello, shaguna biyu masu jingine da juna a bakin titi. Aminai ne, kwano ɗaya suke ci shekara da shekaru. A ce har rediyo ta riga ni jin saɓaninsu?

Bayan sallar La'asar na roƙi jama'a kada su watse. Na zaunar da mutanen biyu a gabana, na yi salati, na jawo ayar sulhu, na bi da haƙƙin maƙwabci. Na kusa rabin awa ina wa'azi, suna ta "Na'am, Malam," kowa yana zaton da wani nake. Sannan na gyara murya.

"Alhaji Bello, ka ji tsoron Allah, ka ba Sahabi haƙƙin dabararsa. Kai kuma Sahabi, ka janye ƙarar nan."

Alhaji Bello ya juya a hankali. "Ƙara? Sahabi, ƙarata kak kai? Mi niy yi maka?"

"Wallahi Alhaji ko hanyar kotu ban sani ba! Wace dabara gare ni?"

"To Malam da furfurarshi zai yi maka ƙarya?"

Nan ya kamata in yi shiru. Sai na ɗaga takardata na ce, "Har rediyo ta faɗa."

Shi ke nan. Alhaji Bello ya ce dama tun ranar da Sahabi ya janye masa wani mai saye ya san da abu a ransa. Sahabi ya ce shekara nawa yana shaƙar hayaƙin janaretan Alhaji bai taɓa cewa uffan ba. Suka miƙe tsaye, ana rirriƙe su, ni kuwa ina zaune ina mamakin yadda addu'ata ta juye.

Wani tsohon malamin boko daga unguwar Arkilla, wanda sallah kawai ta tsayar da shi, ya ce in karanto masa sunayen. Na karanto. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

"Malam, kamfanonin ga suna can ƙetaren teku. Waɗanga bayin Allah fentin talla kurum anka yi masu kyauta."

Masallaci ya ɗauki dariya, har liman. Don in rage kunya na tambaya, "To dabarar, sace ta aka yi?"

"Tana nan wurin mai ita. Tana ma cikin wayarka."

"Tana wurinsa, kuma yake ƙara?"

Ya yi ta bayani a kan rajista da lasisi. Har yau ban gane ba. Mu da muka tashi muna kwafar littattafan malamai da tawada, fatiha muke yi wa mawallafi a wuce wurin.

Mako uku Sahabi da Alhaji Bello ba su gaisa ba. Da na je gyara ɓarnata, kowannensu ya ce ya yarda a yi sulhu, amma da sharaɗin kada in halarta. Liman ne ya shirya su, ina leƙe ta taga.

Tun daga ranar, kafin in shimfiɗa tabarmar sulhu, sai na fara tambayar mutanen biyu: "Tsakaninku da Allah, kun san kuna faɗa?"