Duwatsun Filin Masaƙa

Hankaka ya yi sheƙa a cikin bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa. Yalwa, 'yar bushiyar da ke aiki a ofishin filaye, ta hango shi tana wucewa, ta ce a ranta ko ba komai wani ya samu abin yi a wurin.

Tun da masaƙar ta mutu garin Kanya ya kwanta. Jakuna na gindin bishiya suna kore wa juna ƙuda, samarin birai sun watse birane, har Barmo, yayan Yalwa, ya ɗaure kaya, ya ce ruwan farko ba zai same shi a gida ba. Ga fili kuwa, barewa sai ta gaji kafin ta ƙure shi. Gini ne dai ba ya yiwuwa.

Al'adar masarautar ce, duk wanda Zaki ya naɗa sai ya aza harsashin wata masana'anta a filin, a yi kiɗa, a ci tuwo, a watse. Dutsen da babba ya aza kuwa ba a ɗaga shi, ba a gini a kansa. Sarautu suka yi yawa, duwatsu suka yi yawa, har baƙo kan ɗauka maƙabarta ce ya tsaya ya yi addu'a.

Ana haka sai ga Alhaji Agali, wani raƙumi attajiri daga arewa, yana son kafa injin matsar gyaɗa. Bai nemi komai ba sai inda zai tayar da bango huɗu. Da labari ya iso gida, Barmo ya kwance kayansa.

Yalwa ta karanta tsara birane a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, amma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne dunƙulewa idan an kalle ta. Ta zagaye filin ita kaɗai, ta gano wata kusurwa bayan rijiya da babu dutse ko ɗaya, kuma za ta ɗauki injin daidai. Ta so ta raɗa wa Alhaji ya fara haƙa kawai. Sai ta ga wannan aikin marasa ilimi ne. Mai digiri a majalisa yake kai magana.

Ranar zama, Zaki na gyangyaɗi, Waziri Kura ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Allah ya ba ka nasara, wannan mulki ba zai runtsa ba sai kowane jaki ya samu kaya a bayansa."

Jakunan da ke leƙe ta taga suka kaɗa kunnuwa. Kura ya ba da shawarar a cire dutsen Dila, Sarkin Kasuwa. Dila ya ce nasa na kamfanin madubi ne, ana gab da farawa, gara a duba na marigayi mahaifin Waziri. Aka yi ta ja har azahar. Alhaji Agali na gefe yana tuƙa.

Yalwa ta daure ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, akwai wuri bayan rijiya. Babu dutse a can."

Kura ya juyo a hankali.

"Babu dutse? A zamanin mai martaba? 'Yar nan, kin tabbata?"

Ta ce ta tabbata, har ta faɗi faɗinsa da tsawonsa. Kura ya ce wannan abin kunya ne, maƙiya za su ce ba a aiki. Dila, karon farko a ranar, ya goyi bayansa. Zaki ya buɗe ido ɗaya ya ce a gyara yanzu-yanzu.

"Kun ga amfanin boko," in ji Kura. Ya ce don girmamawa ita za ta riƙe kwanon siminti.

Haka ta tsaya bayan rijiya, kwano a hannu, aka mirgino dutsen da ya fi duk na filin girma, aka dasa shi a tsakiyar kusurwar da sunan Zaki. Da aka tafa, ita ma ta nemi inda za ta ajiye kwanon ta tafa. Can cikin taro ta hango Barmo yana rawa, yana nuna wa abokansa ƙanwarsa kusa da manya.

Alhaji Agali ya jira har aka shafa addu'a. Sannan ya ɗaga ƙafafun baya, ya ɗaga na gaba, ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwoyinsa, ya bi ta bayan makaɗa ya kama hanyar arewa.