Yarinyar da Ba Ta Faɗin Sunana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zana soyayyata a kan allo a gaban ɗaliban ajinmu. Muna aji uku a jami'a, muna kwas ɗin lissafi da muke kira sitokastik, wanda ke nazarin abubuwan da ke sauyawa bisa sa'a. Malamin kwas ɗin, wanda muke kira Dakta, ya koya mana wani tsari da ba ya tuna baya: halin gobe ya dogara ne da halin yau kawai, jiya ba ta da ta cewa. Ya ce kowa ya kawo misali daga rayuwarsa.

Ni kuwa littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Gummi su suka raine ni. A ajinmu akwai Hafsatu, 'yar garin Zugu, wadda mukan shiga mota ɗaya in an yi hutu. Tana kiran kowa da sunansa, ban da ni. "Malam" take ce mini, ta sunkuyar da kai. A littattafan da na sani, mace ba ta ɓoye sunan namiji sai wanda zuciyarta ta riga ta kira miji.

Sai na kasa gaisuwarta gida uku: murmushi, shiru, da sunkuyar da kai. Na ja kibiyoyi tsakaninsu, na ƙara gida na huɗu wanda in an shiga ba a fita, na sa masa suna aure. (Har fure na zana a gefensa, Allah Ya yafe mini.)

Ranar gabatarwa na ce misalina a kan "wata baiwar Allah" ne da ba ta iya furta sunana. Ajin ya juya gaba ɗaya ya dubi Hafsatu. Ban fasa ba. Na nuna cewa komai daɗewa, tsarin a gida na huɗu zai ƙare.

Dakta ya gyara tabarau. "Lissafinka bai karye ba. Amma me ya tabbatar maka cewa halinta na yau ba daga baya yake zuwa ba?"

Ina neman amsa Hafsatu ta miƙe. Ni take kallo, karon farko ido cikin ido.

"Malam, sunan babana gare ka," in ji ta. "Bara waccan aka kashe shi a gona. Ko Inna ba ta faɗin sunan nan. In ka gan ni ina murmushi, don na ji ana kiran sunan ne."

Ta zauna. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki tsumma na fara goge allo, furen na bari ƙarshe don hannuna ya ƙi zuwa wurin.

Bayan lacca na same ta na yi mata ta'aziyyar da ya kamata in yi tun tuni, da a ce na taɓa tambayar lafiyar gidansu. Ta ce, "Ba komai, Malam." Hutun da ya biyo baya, ba mu shiga mota ɗaya ba, wata daban ta hau.

Dakta ya ba ni maki mai kyau. Tun daga nan na bar tsarin da ba ya tuna baya a ɗakin jarrabawa. In mace ta sunkuyar da kai yanzu, nakan fara tambayar lafiyar mutanen gidansu kafin in nemi alli.