Rasuwar Gwaggo, Ordinatar Malama Dorkas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda bai bushe ba tukuna, iyalan Malama Dorkas ta Tibiri suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ordinatarta, wato kwamfutarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, a shagon Maman Lawali mai gyara da ke Sabon Gari, Maraɗi, bayan jinyar da ta ci bazara guda.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a hannun Kalibu, yayan Dorkas, tana kwance-kwancenta, harafi biyu sun riga sun goge a jikinta. Shi ya raɗa mata Gwaggo saboda faɗa. A kanta ya koya wa ƙanwarsa harshen C na rubuta furogaram, wanda sai an rubuta shi, a miƙa wa kompilatar ya dafa, sannan na'ura ta iya ci. Gwaggo ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. A manta ɗigo mai wutsiya guda a ƙarshen layi, sai ta zazzago ƙorafi ya cika ekaran, wato allon fuskarta, ta kuma ɗora laifin a kan layin ƙasa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ita ta nace cewa ƙirga daga sifiri yake farawa, abin da malamar lissafi irin Dorkas ta yi wata tana jin haushinsa. Amma a faɗi gaskiya, ba ta taɓa yin ƙarya ba, kuma ba ta riƙe mutum a zuci.

Kalibu kuwa ba ya gyara kuskure da baki. A cikin furogaram ɗin da suke rubutawa tare yake barin mata magana, tsakanin alamomin da ake kewaye sharhi da su. Nan ya tsokane ta, can ya ce ta tashi ta ci tuwo, wani wurin ya tuna mata da babarsu. Da sanƙarau ya ɗauke shi, a shekarar nan da damina ta yi gardama sojoji kuma suka karɓi mulki, waɗannan layukan ne suka rage mata na muryarsa. Takan buɗe su ta karanta, ba don koyo ba.

Ciwon ajali ya soma da zafin jiki. Fankarta ta yi ta shiiii, daga baya ta yi shiru. Kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama, batirin kuma ya daɗe da sallama. Da Dorkas ta ji wani ƙyat, ƙyat, ƙyat yana fitowa daga cikin Gwaggo, sai hankalinta ya tashi, ta kwashe furogaram ɗin a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar. Wanda ake dannawa ya tashi ta ɗauka, ta bar rubutaccen, don a ganinta komai yana cikinsa. Sannan ta naɗe marar lafiya a zane, ta rungume ta a kan kabu-kabu har Maraɗi.

Maman Lawali ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Da ya ga ba hali, ya duba abin da ke kilen, sannan ya ce da ita:

"Malama, sai haƙuri. Dahwahhe kinka kwasa, irin kuwa, wato rubutun, shina cikin na'urar ya ƙone."

Ta ce ai duk ɗaya ne, maganar yayanta tana nan. Ya yi mata bayani a hankali cewa kompilatar ba ya dafa sharhi, tsince shi yake yi ya zubar, don na'ura ba ta da bukatarsa. 'Yar manomi ce, ta san abin da ake nufi da rasa iri a shekarar fari. Ba ta yi kuka a shagon ba, sai da ta kai bakin titi.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da linzami, wato maus, da ke zaune wurin wani Idirisa a Jiratawa, da jaka, da kilen nan maraya. In an danna abin da ke cikinsa, baƙar taga takan buɗe da layi guda, wanda Kalibu ya sa na'ura ta faɗa in lissafi ya fita daidai: "Ya yi, ƙanwata." Kafin ido ya gama karantawa tagar ta rufe, don su biyun ba su kai darasin tsayar da ita ba.

Za a yi sallama da Gwaggo ranar Asabar da la'asar a gidansu na Tibiri da ke bayan coci, inda za a mayar da ita jakarta a ajiye a ɗakin Kalibu. Ba a bukatar kowa ya kawo hatsi, kowa ya san halin da ake ciki. Roƙon Malama Dorkas ɗaya ne: duk wanda ya san yadda ake hana tagar nan rufewa, don Allah ya zo da ordinatarsa, ya zauna kusa da ita. Tana so ta karanta layin nan sau ɗaya a tsanake.